Makokin Buba Kangire

"Ba a samu ba, Baba."

Munawwara ta faɗi haka tun ba ta gama cire takalmi a bakin zaure ba. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta jingina jakarta da bango, gumi ya jiƙa wuyan hijabinta. Daga tasha take, ko gidan mijinta a Gwaram ba ta biya ba. Zuwanta na uku ke nan can birnin da ake ajiye takardun tsofaffin sojoji, tana neman labarin wan mahaifinta, Buba, wanda ya hau motar soja a nan Birnin Kudu lokacin yaƙin basasa. Shekara hamsin da biyar ke nan. Bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba.

Mahaifin nata, Malam Haladu, yana kishingiɗe a kan katifa a cikin zauren, an tokare masa baya da matashi biyu, don in ya kwanta sosai numfashi gagararsa yake. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a kai shi gida a kula da shi. Kowa ya gane abin da ake nufi, shi ma ya gane.

Ni kuwa ina gefe a kan buzuna, inda na saba zama. Ni ne Kofur Safiyanu, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa shekara arba'in. Wanda bai san ni ba a garin nan baƙo ne. Na yi yaƙin nan daga farkonsa har ƙarshensa, harsashi ya shiga ta kafaɗata ya fita ta baya, na haye kogin da mutum goma suka shiga biyu suka fito, ga ni yau da haƙorana ina tauna rake. Ban taɓa zama a aji ba, amma a kan zancen soja babu ɗan bokon da zai ja da ni.

"An duba da kyau?" in ji Haladu.

"An duba Buba Kangire, an duba Abubakar Kangire, an duba Garba, an duba Habu. Na sa an haɗa da sunan kakanmu Yunusa, aka duba Abubakar Yunusa, aka sami mutum biyu. Ɗaya mutumin Azare ne, ɗaya kuma tun kafin yaƙi ya bar aiki. Mutumin da ke wurin har ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, Malama kin dawo?"

Na gyara murya na ce, "Yarinya, soja ba ta mantuwa. Wanda ya ci tuwon bariki ko na kwana ɗaya ne, sunansa na cikin littafi. Ni nan tashe ni daga barci, in karanto miki lambata ba gargada. Abu biyu ne. Ko Buba bai shiga ba, ko kuwa ba da wannan suna ya shiga ba."

"Kai dai ɗan maƙera, bakinka kamar zugazugi," in ji Haladu. "Ba ya hutawa."

"Na gode, Bafillatani matsoraci. Da ba mu ƙera muku wuƙa ba da me za ku yanka ko kaza?"

Haka muke yi kullum. Ni jinin maƙeran Gwaram ne, shi kuwa Fulanin Kangire ne da suka zauna suka kama noma, wasa tsakaninmu gado ne. Amma ran nan bai rama ba. Ya juya fuska ya kalli bango, ya ce a ja masa bargo.

Bari in gaya muku abin da yake nema. Tun da ciwon ya kama shi shekara biyu baya, ya kira Munawwara, don ita ce mai karatu a gidan, malamar firamare ce a Farin Dutse. Ya ce mata yana so kafin Allah ya karɓi ransa ya san abu ɗaya: Buba mutuwa ya yi, ko kuwa yana raye fushi ne ya hana shi dawowa? Don an sha kawo zance. Wani direba ya ce ya gan shi a Fatakwal yana sayar da tsire, da mata da 'ya'ya. Wani ya ce a Kamaru ya gan shi. Mahaifiyarsu, Inna Hajjo, Buba ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce a je a nemo mata shi. Sai dai in mota ta tsaya a bakin hanya ta daina daka, ta yi shiru, in ta ji motar ta wuce ta ci gaba. Haka ta yi har ta rasu. Da yake uwa ba ta tambaya ba, babu wanda ya tambaya.

Munawwara ta sha ce masa, "Baba, fushi da wa?" Sai ya ce ta je dai ta nemo.

Washegari da hantsi na zo da man shanu a murfin kwalba, na zauna ina murza masa ƙafafu. Wannan a asibitin bariki na koya, kuma babu wanda ya iya kamar ni. Unguwa shiru, kowa ya tafi gona yankan dawa, sai kaji da ke tonon gyaɗar da aka shanya a ƙofar gida.

"Safiyanu," ya ce.

Na ɗago. Rabon da ya kira sunana tsura, ba ɗan maƙera a ciki, na manta.

"Ranar da kuka hau mota, kiran suna aka yi?"

"Kiran suna mana. Ni a Kano na hau, shekara guda kafin na nan. Saje na riƙe da takarda yana kira."

"Ana duban fuska?"

"Wa ke da lokacin fuska? Ka ce na'am ka haye. Sai an je barikin horo ake zaunar da kai a cika babbar takarda, a auna tsawonka, a duba jikinka."

Ya ja numfashi. Sannan ya ce, "To, ni aka kira."

A hankali ya ba ni labarin, yana yi yana tsayawa neman numfashi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai suka kawo sa kasuwar Birnin Kudu shi da mahaifinsu. Ya tarar an kafa tebur a gindin bishiya ana rubuta sunayen masu son shiga soja, makaɗa na kiɗa, duk saurayin da ya ba da suna 'yan mata su yi masa guɗa. Jini ya ɗebe shi. Ya faki idon tsoho, ya ƙara wa kansa shekara uku, ya ce a rubuta Haladu Kangire. Aka ce ya dawo bayan kwana bakwai, mota za ta zo.

A cikin kwana bakwan nan aka dawo da wani ɗan Sundimina daga bakin daga, ba ƙafa ɗaya, ba ya gane kowa. Haladu ya je ya gani da idonsa. Daga ran nan tuwo ya daina wuce masa. Ga shi kuma ana ta cewa duk wanda aka rubuta sunansa bai zo ba, za a zo a kama ubansa a kore shanun gidan. Ko gaskiya ne ko ƙarya, yaro bai sani ba. Sai ya sami wansa Buba a wurin kiwo ya gaya masa, yana kuka.

"Ya mare ni," in ji Haladu. "Bai taɓa dukana ba sai ran nan. Mari ɗaya, sai da na zauna. Kwana huɗu bai ce mini uffan ba. Ranar mota ya tashi ya ce wa tsoho shi soja zai shiga, ra'ayinsa ne, kada kowa ya hana shi. Na biyo shi a baya har garin nan, na laɓe a bayan kuka. Na ji an ce Haladu Kangire. Na ji ya ce na'am. Ya kama ƙarfe ya haye, bai waiwayo ba. Marin nan shi ne maganarmu ta ƙarshe."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarsa. Shekara arba'in ina kiran mutumin nan matsoraci a gaban jama'a, yana dariya yana ramawa, ashe kullum a kan ciwo nake dannawa.

Na ci gaba da murzawa na ce, "Haladu, zan gaya maka abin da ko matata ba ta sani ba. Ranar farko da aka buɗe mana wuta, ni Kofur Safiyanu, sai da na jiƙa wandona har cikin takalmi. Da akwai kukar da zan laɓe a bayanta, da yanzu ina can. In ka faɗa wa wani, zan rantse ƙarya kake."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa.

"Kai za ka gaya wa Munawwara," ya ce. "Ni ba zan iya kallon idonta ba."

"A'a. Ni na murza ƙafa, na kawo ruwa, in ka ce in goya ka zuwa Kangire zan goya ka. Amma wannan magana daga bakinka za ta fito."

Na leƙa cikin gida na yi sallama, na ce da matarsa A'i ta turo mana Munawwara, don a nan ta kwana. Ta zo tana goge hannu da gefen zane. Na yunƙura zan ba su wuri, ya riƙe mini riga. Ya faɗa mata duka, idonsa a kan rufin zaure.

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Baba, shekara biyu."

"Na sani."

"Sau uku ina barin yara a aji ina kwana a mota. Har faɗa na yi wa bawan Allahn can, na ce ba su iya ajiya ba. Ashe sunan da ke bakina kullum shi zan ba su."

"Na sani, uwata. Na yi ta fatan a same shi ba sai na faɗa ba."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata uwata, Munawwara kuwa laƙabi ne. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan tabarma. Ta sa gefen hijabi ta share, ta jawo jakarta ta fito da littafi da biro.

"Baba Kofur, in an sami Haladu Kangire, ta yaya zan tabbatar Baffa Buba ne, ba wani mai irin sunan ba?"

Ka ji tambayar masu hankali, kuma ta san wanda za ta yi wa. Na ce, "Soja na rubuta tabon jiki, saboda ranar da fuska ba za ta ganu ba. Haladu, me ke jikinsa?"

"Tabo a haɓa, inda bajimi ya soke shi. Ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, igiya ce ta karya shi."

Ta rubuta. Ta tashi za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba, ta ce, "Ka sha maganinka. Kada ka je ko'ina sai na dawo."

"In Allah ya yarda," in ji shi.

Kashegari mijinta Musbahu ya zo a kan babur ya kai ta Farin Dutse ta nemi izini a makaranta, daga nan ya sa ta a mota.

Kwana takwas ta yi. Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi irin waɗannan ba, ni da na yi wata uku a rami ruwa na zuba a kaina. Kumburin ya hau har ciki. Tuwo ya gagara, sai kunu, shi ma cokali uku. A'i ta ce a mai da shi asibiti, ya ce ba inda za shi, a zauren nan aka bar shi a nan za a same shi. Ya sa aka juya katifar ta fuskanci ƙofa. In babur ya tsaya a layi sai ya daina magana ya kasa kunne. Na ce a raina, ɗan Hajjo ne ba shakka.

Na daina ce masa matsoraci. A rana ta uku ya lura.

"Ɗan maƙera, ciwon baki kake? Kwana uku ban ji sunana ba."

"Na ajiye shi."

"Ɗauko. In ka daina, sai in ga kamar na riga na mutu."

"To, Bafillatani matsoraci, buɗe baki ka sha kunu."

Ya buɗe, ya sha cokali biyar.

Rana ta shida wayar A'i ta yi ƙara, aka kawo aka kanga masa a kunne. Ina kusa, ina jin muryar Munawwara. Ta ce an samu, amma ba za ta faɗa a waya ba, ana buga mata kwafi, jibi tana hanya.

"Yana raye?" ya ce.

"Baba, jibi ina hanya."

Ya miƙa wayar. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce in ba shi carbinsa.

Bayan la'asar ta iso, ranar Talata. Wannan karon ba ta yi magana a bakin ƙofa ba. Ta wanke ƙafa, ta sha ruwa, ta zo ta zauna daf da kansa. A'i ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida. Munawwara ta ciro abin da ta kawo daga jaka, takarda huɗu ce, baƙi-baƙi, irin wadda inji ke kwafowa, da Turanci. Tana karantawa tana mayar mana da Hausa.

"Suna, Haladu Kangire. Sana'a, kiwo. Alamar jiki, tabo a haɓa, ƙaramin yatsan hagu a karkace."

"Shi ne," in ji Haladu. "Wallahi shi ne."

Ta karanta lambarsa, ta faɗi bataliyarsu. Na san bataliyar, ba tamu ba ce, amma maza ne, na yarda da su. Ta ɗauko ta biyu. Ta ce an harbe shi a ciki, an kai shi asibitin sojoji a can ƙasar gabas, ya kwana biyar, ya rasu. Ta faɗi wata da shekara. Na lissafa da yatsu, wata tara ke nan da hawansa mota.

Muka yi salati. A'i ta toshe baki da mayafi.

"Wata tara," in ji Haladu. "Ashe duk shekarun nan... ba tsire, ba Kamaru." Ya juyo gare ni. "Safiyanu, kada ka yi mini cika baki yau. An yi masa salla?"

"Ba zan yi ba. Wanda ya faɗi a daji ana gudu, ba zan rantse maka ba, na bar wasu da hannuna ban ko rufe su ba. Amma wanda ya cika a asibiti, akwai liman, akwai likkafani. Lokacin da nake jinyar kafaɗata na bi sahu a kan gawa ta fi ashirin. An yi masa."

Ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi.

"Da saura, Baba," in ji Munawwara. "Akwai wurin da ake tambayar soja wa za a sanar in wani abu ya same shi. Mutum ɗaya ake rubutawa." Ta sa yatsa a kan layin. "Ya ce ɗan'uwansa. Ya ba da suna, Buba Kangire."

Muka dubi juna. Ni na fara ganewa, don kaina da sauri yake.

"Kai ne, Haladu! Ya ɗauki sunanka, ba dama ya ce a sanar da Haladu, sai a gane. Sai ya ba ka nasa. Ga uba, ga uwa, duk bai ce su ba. Kai ya ce."

Haladu ya juyo gare ni. "Ni ya ce?"

"Kai ya ce. Mai fushi da kai ba ya ba ka sunansa."

Munawwara ta ɗaga takarda ta huɗu. Hoton ambulan ne, da tambari biyu, da wani rubutu a karkace da hannu. Ta ce an aiko da wasiƙar rasuwar tun a lokacin, zuwa ga Buba Kangire, ta hannun hakimi. Wasiƙar ta zo har Kangire ta koma, tana cikin fayil ɗin har yau ba a buɗe ba sai da ta je. A bayanta an rubuta: ba ya nan, an ce ya tafi soja.

Haladu ya yunƙura kamar zai tashi zaune, na tallafe shi.

"Mai keke," ya ce. "Mai keke da kaki da jar hula. Ina shayar da shanu a rijiya ya tsaya ya ce, samari, ina Buba? Na ga kaki, na ce shi ke nan asiri ya tonu, an zo kama ni. Na ce masa ba ya nan, ya tafi soja. Ya ciro alƙalami ya yi rubutu a kan sirdin keke, ya juya. Ni kuwa na kora shanu daji, kwana uku ban kwana a gida ba." Ya kama hannun 'yarsa. "A hannunsa take, uwata. Ina ganinta, fara. Tawa ce, na ce a mai da ita."

Sai ga shi yana kuka yana dariya a haɗe, hawaye na bin gemu. "Inna ta shekara goma sha ɗaya tana sauraron mota. Allah ka yafe mini. Yaro ne ni, wallahi yaro ne."

"Yaro ne kai," na ce. "Har yanzu ma ba ka yi wani wayo ba."

Munawwara ta kwantar da kanta a kan hannunsa.

Da gari ya waye ya sa aka kira limamin unguwa, Malam Abdulnasir. Ya tambaye shi ko za a yi wa Buba sallar gawa daga nan. Liman ya ce tunda ana kyautata zaton an yi masa a can, mu ba mu saba maimaitawa ba, sai dai addu'a da sadaka.

"To, a shimfiɗa tabarmi," in ji Haladu. "Wana ya rasu, jiya na ji. Zan zauna a yi mini gaisuwa."

Liman ya dube ni. Na ce, "Malam, ko akwai littafin da ya hana?" Ya ce babu.

Aka share ƙofar gida, aka kwashe gyaɗar da ke shanye, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Ni da Musbahu muka ɗauko shi da katifarsa muka jingina shi da katanga. A'i ta sa masa farar riga da hula. Aka aika Kangire, aka aika Sundimina da Gwaram. Da farko mutane sun zo ne da mamaki, wasu samari har suna tambaya wane Buba. Amma da mutum ya durƙusa ya ce, "Malam Haladu, ya haƙuri?" ya ji yadda yake amsawa, "Da godiya, Allah ya ba da lada," sai ya san makoki ne na gaske.

Kuma duk wanda ya zauna sai ya gaya masa. Bai rage komai ba, da teburin, da kukar, da mai keke. Ni na so in taya shi, don na fi shi iya ba da labari nesa ba kusa ba, amma na kama bakina. Tsofaffin Kangire uku suka zo a bayan a-kori-kura, waɗanda suka yi kiwo da Buba. Ɗayansu ya ce yana tuna ranar da bajimin ya soke shi, Buba ya riƙe ƙahon da jini a baki yana zagin san. Haladu ya ce a sake faɗa masa. Aka sake. 'Yan mazan jiya na garin nan da suka rage, mu biyar ne, ɗaya ma a makance. Na tara su muka tsaya a layi, na ba da umarni da muryar da har yanzu babu mai irinta, muka sara wa takardar nan da ke kan cinyarsa.

"Dubi ƙafafunsu," in ji Haladu. "Waɗannan ne suka ci yaƙi? Allah ya kiyaye."

Rana ta uku da safe aka yi addu'a, aka raba waina da gumba. Haladu ya ce yana marmarin fura da nono, irin mai tsami. A'i ta dama ta kawo a ƙwarya, Munawwara ta ba shi da ludayi. Ya sha biyu, ya ce ya isa, a rufe masa sauran sai an jima. Ta rufe da faifai ta ajiye a gefensa, ta koma wurin mata.

Wajen azahar wani mutumin Sundimina ya iso a makare, ya cire takalmi ya durƙusa. "Malam Haladu, ya haƙuri?" Shiru. Ya matsa ya sake faɗa da ƙarfi, yana zaton kunne ne. Ni ina magana da liman, na juyo. Kansa na jingine da katanga, hular ta ɗan zame, bakinsa a ɗan buɗe. Na ga mutuwa fiye da duk wanda ke garin nan, ba sai an gaya mini ba. Na matsa na sa hannu na shafe masa ido, na gyara hular.

"Amsa masa, Malam," na ce da liman. "Mai amsawa ya tafi."

Kafin la'asar sakaliya mun kai shi mun dawo. Ba a sha wahalar tara jama'a ba, suna nan zaune. Tabarmin ma ba a naɗe ba, aka dai ƙaro biyu daga masallaci.

Rana ta yi sanyi, mutane suka ragu, sai ga wasu dattawa biyu daga Farin Dutse a kan babur ɗaya, iyayen yaran da Munawwara ke koyarwa. Gaisuwar Buba suka zo, ba su ji komai ba. Suka duba ba su ga wanda za su yi wa ba, sai suka durƙusa a gabana. Na amsa musu, na gaya musu. Suka yi salati, suka ɗaga hannu aka yi addu'a, suka nemi wuri suka zauna.

An ɗauke katifar, amma wurin nan na jikin katanga babu wanda ya zauna a ciki. Ƙwaryar na nan inda Munawwara ta ajiye, da faifai a kai, kan ludayin ya leƙo. Wata kaza ta zo tana zagaya ta. Na miƙa sandata na kore ta.